Ɗana ya kwance motar da Abbansa ya sayo masa ya yi fanka da injinta

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema kuma a ɓoye sunana. Yarana biyu, namiji ɗan shekara 6 da ƙanwarsa mai shekara 3 da rabi. Da ƙaramar sallah Abbansu ya sayo masa motar rimot a kasuwar Sabon Gari naira 25,000, wallahi sai da ya matse kansa kafin ya saya. Kwana huɗu kacal Anti na shiga ɗaki na tarar ya samo sukundireba ya kwance ta ɗaiɗai, ya zare ɗan injin ciki ya haɗa da batir ya soka masa kwali, wai fanka ya yi min saboda zafi in ina girki. Da Abbansa ya dawo ya zane shi sosai, ya rantse ba zai ƙara sayo masa komai ba. Ita ma ƙanwar, bulo-bulon robar da aka kawo mata don ta koyi gini da ABCD miya take yi da su, ja tumatir ne kore alayyahu, kwalinsu kuma ya zama adaidaita sahu. Satin da ya wuce ya cire wa 'yar tsanarta hannu wai yana son ganin yadda aka maƙala. Surukata Hajiya tace ɓarna ce a jininsa, in ban tashi tsaye ba nan gaba talabijin zai kwance. Yanzu ko wasa yake in ya ji motsin Abbansa sai ya tura kayan ƙarƙashin gado. Anti lafiyarsu ƙalau kuwa? Ya zan yi su riƙa wasa da kaya yadda aka yi su?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lafiyarsu ƙalau su biyun, fara ajiye wannan a ranki tukuna sai mu yi sauran maganar a nutse.

Sau uku na karanta saƙonki kuma duk karantawa waje ɗaya nake tsayawa, inda kika ce fanka ya yi miki saboda zafi in kina girki. Kin rubuta shi a tsakiyar ƙorafi kin wuce abinki, ni kuwa nan ne idona ya kawo ruwa. Yaro ɗan shekara 6 ya lura uwarsa tana haɗa gumi a kicin, ya lura abin da ke juya tayar motarsa da abin da ke juya fankar falo 'yan uwan juna ne ba tare da wani ya zaunar da shi ya faɗa masa ba, sannan ya ɗauki abu mafi daraja da ya mallaka ya sadaukar don ya yi miki maganin zafi, ƙarshenta ya sha bulala. Shi ya sa a duk saƙon nan abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tura kaya ƙarƙashin gadon da yake yi in ya ji motsin Abbansa. Mota ana sayen wata in Allah ya hore, amma yaron da ya koyi ɓoye wa ubansa abin da yake yi tun yana shekara 6, ɓuyan nan ba ya tsayawa a kan kayan wasa, da shi zai girma, ranar da zai shiga wata matsala ta gaske yana ɗan shekara 15 nan ma ƙarƙashin gado zai tura ta. Wannan shi ne abin da nake so mu gyara kafin komai.

Ki tsaya ki dubi aikin da ya yi da kyau mana. Sai da ya gano notinan nan hagu ake juya su su fita, ya nemo sukundireban da bakinsa ya zauna a kansu, ya bi wayoyi ya ga inda suka nufa, ya gane cewa a duk tarkacen nan ɗan ƙarfen nan mai kamar ƙaramin gwangwani da yara ke ce wa rota shi ne mai rai, sauran duk riga ce aka sa masa. Sai ya ɗora waya ɗaya a kan batir ɗaya a gindinsa abu ya ɗauka yana fir-fir. In ba a zubar da fankar ba ki karɓa ki gwada a gabansa. Yawanci fankar farko da yara ke yi tana juyawa amma ba ta ba da iska, saboda kwalin a shimfiɗe suke soka shi, sai an ɗan murɗa fukafukan sun karkace sannan suke ture iska. Kar ki faɗa masa wannan, ki bari in an ɗauke wuta fankar sama ta tsaya cak kice ya ɗaga kai ya kalli fukafukanta ya faɗa miki bambancinsu da nasa. Ki kuma ce ya juya wayoyin, ta kai ta koma gindi ta gindi ta koma kai, zai ga rotar ta koma juyawa da baya, ki kalli fuskarsa a lokacin za ki gane abin da nake nufi.

Mu da muka taso lokacin da babu mai sayo maka motar rimot, abin nan da kike tsoro shi ne wasan gaba ɗaya. Ina tuna yayana da kaka in an gama yankan dawa, zai zaɓo kara mai kauri ya zauna a gindin bango, ya sa haƙori ya ɓare bayan karan siri-siri ya ajiye gefe, ya yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa, sai ya riƙa soka ɓawon nan cikin totuwa yana haɗawa har sai ga akori-kura ta fito da ƙofa da gilas da wajen zaman karen mota. Taya kuwa tsohon silifas ake yankawa zagaye da reza, kuma Allah ne kaɗai ya san silifas nawa da ba su gama mutuwa ba suka tafi a haka. Waɗanda suka ƙware su koma motar langa-langa da ta gwangwanin madara mai dogon sitiyarin waya, kana tafe kana tuƙi kana yin ƙugin injin da bakinka. Mu mata muna gefe da tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, miyar ganyen darbejiya, 'yar tsanar ƙashi ko ta totuwar masara a yi mata gashi da zare a ɗaura mata ƙyallen da aka roƙo wajen tela, har biki ake yi mata da kai amarya da gara. Ba wanda ya shuka dawa don a yi mota da karanta, ba wanda ya ƙera gwangwani don ya zama tukunya, duk wasanmu ɗaukar abu ne a mai da shi abin da ba a yi shi dominsa ba, kuma ba a taɓa ce mana maɓarnata ba don kayan ba a saye su ba. Yaran ba su canja ba ƙanwata, halin nan ɗaya ne sak, kuɗi ne ya shigo cikin wasan.

Ita kuma autarki da miyar bulo, ai wannan guɗa ya kamata a yi mata. Kafin yarinya ta kalli jan bulo tace tumatir ne sai ta riƙe abu biyu a kanta lokaci guda, ta san roba ce kuma ta yarda tumatir ne har ta yanka ta zuba ta motsa ta ɗanɗana miki. Wani masanin tunanin yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, tun a 1933 ya yi bayani a kan yaron da zai hau sanda yace doki ne, yana cewa a nan ne yaro ke fara raba ma'ana da abin da ido ke gani. To ki duba, karatu ma ai haka yake. Malam zai yi ɗan zane a allo yace wannan ba ce, wannan sin ce, wannan mim, yaro ya yarda zanen yana tsaye a madadin wani sauti da ba a gani. Yarinyar da ta iya tsayar da bulo a madadin tumatir hanyar ABCD ɗin da kike so take kai, kawai ta bi ta kicin ne. Ki zauna ki sayi miyar, kice ta ba ki ta naira ɗari, ki tambaye ta tumatir guda nawa ta zuba, sai ga ƙirga ya shigo da kansa ba tare da kowa ya yi kuka ba.

Akwai hadisin da nake so ki riƙe don zai yi miki amfani har wajen Hajiya. A cikin Sunan na Abu Dawud, Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya sai iska ta ɗaga labulen inda take ajiye 'yan tsanarta, ya tambaye ta mene ne wannan tace 'ya'yana ne. Sai ya hango wani doki a tsakiyarsu an yi masa fukafukai biyu da ƙyalle, yace doki da fukafukai? Tace ba ka ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Tace sai ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Ki lura da abin da ya yi, tambaya ya yi, ya saurari amsa, ya yi dariya. Bai ce mata doki ba ya tashi sama a cire fukafukan ba. Kuma a Bukhari da Muslim ya zo cewa ƙawayenta in suna wasa ya shigo sai su ɓuya, shi kuma ya riƙa turo mata su su ci gaba. Wato ya ga yara sun ɓoye wasa saboda shigowarsa sai ya dawo da su, daidai abin da ake buƙata a ɗakinki yanzu.

Masu bincike ma sun gwada abin nan da kike tambaya na a koya wa yaro yadda aka yi kaya. A 2011 wasu masana a Amurka, cikinsu akwai Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz ta jami'ar MIT, sun haɗa wani abin wasa mai bututu huɗu, wani in an ja yana ƙara, wani yana kunna fitila, wani kiɗa, wani madubi ne a ciki. Wasu yaran aka ce musu ku zo in nuna muku yadda yake aiki, aka ja bututun mai ƙara aka miƙa musu. Wasu kuma mai gwajin ta yi kamar cikin kuskure ta ja abin ya yi ƙara. Waɗanda aka koya wa sai suka fi tsayawa a kan ƙarar nan kawai suka ajiye da wuri, waɗanda ba a koya wa ba suka daɗe suna juya shi har suka gano sauran abubuwan. Wani binciken kuma a jami'ar Toledo da ya fito a 2018, yara 36 'yan ƙasa da shekara 3, wata rana a ba su kayan wasa 4 wata rana 16, sai aka ga in kayan 4 ne sun fi daɗewa a kan kowanne kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi kala-kala. Har kwalin da autarki ta mayar adaidaita sahu, akwai gidan tarihin kayan wasa a garin Rochester na Amurka da ke zaɓar fitattun kayan wasa, a 2005 suka sa kwali a ciki, a 2008 suka sa sanda, sanda dai wadda kika sani ta tsintuwa a hanya. Ƙullin nan mai launi da ake ce wa Play-Doh ma asalinsa na goge baƙin hayaƙin gawayi ne a jikin bango, wata malamar nazire ce ta ga yadda yara ke mulmula shi suna yin siffofi, daga 1956 aka koma sayar da shi a matsayin abin wasa.

To amma fa kar ki ɗauki duk wannan ki je ki zazzage wa Abbansu a ka. Bawan Allahn nan yana da gaskiyarsa. Naira 25,000 a wannan zamanin ba ganye ba ne, ke da kanki kin ce sai da ya matse kansa, kuma inaga ba kuɗin ne kaɗai ya ƙona masa rai ba. Tun a kasuwa yana hango ɗansa a tsakar gida yana danna rimot abokai sun zagaye shi, wataƙila abin da shi bai samu ba yana yaro, sai ya dawo ya tarar da kyautarsa a warwatse a kan leda, dole ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ki fara da godiya kan ƙoƙarin da ya yi, sannan cikin raha ki tambaye shi wai shi da yana yaro wace irin mota ya ƙera. Da wuya ya ƙi sakin baki ya ba ki labarin garen taya da langa-langa da dukan da ya sha kan silifas. Sai a nan ki ɗauko fankar ki ajiye a gabansa kice Abbansu kasan me yace ya sa ya kwance motar nan? Ina kyautata zaton har yau bai ji dalilin ba, ranar ai ba a tsaya tambaya ba. Ki faɗa masa maganar ƙarƙashin gadon ma, a hankali, ba da sigar zargi ba, kice abin yana damunki ne don kin san yadda yaron ke son sa.

Maganar duka kuwa ba zan ɓoye miki ba, bai dace ba a nan. Sallah ma da take ginshiƙin addini sai yaro ya kai 7 aka ce a fara umartarsa da ita, balle ɗan shekara 6 da ya buɗe motar da aka ce masa tasa ce. Shi a kansa in an ce abu naka ne to naka ne ciki da waje, babu wanda ya taɓa ce masa kyautar ta tsaya a kan danna rimot. Rantsuwar da Abbansa ya yi kuma in da sunan Allah ya yi ta, addini ya ba da mafita, wanda ya rantse sai ya ga abin da ya fi alheri ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3. Ko da yake ni a ganina rabin rantsuwar ma a bar ta a haka, kar a sake sayo wa wannan yaron mota mai tsada da abu ɗaya kawai take yi, kuɗin ya fi amfani a wani wajen.

Hannun 'yar tsana kuma, nan Hajiya ta fi ki gaskiya, kar son ɗa ya rufe miki ido. Motar tasa ce, 'yar tsanar ba tasa ba ce, kuma a wajen ƙanwarsa ba roba aka cire wa hannu ba 'yarta ce. Ki sa shi ya ba ta haƙuri ya zauna ya mayar da hannun a gabanta, in ya ƙi komawa a fasa asusunsa ko a taɓa kuɗin barka da sallarsa a cika a sayo mata wata, ya ji a jikinsa cewa son sani ba ya halatta kayan wani. Daga nan ki kafa masa doka gajeriya wadda zai iya haddacewa, kafin ya sa sukundireba a jikin komai ya zo ya tambaya, kayan wani ba a taɓawa sai mai shi ya yarda, duk abin da ake sawa a soket kuma ko nasa ne babu shi babu shi. Da wannan dokar talabijin ɗin Hajiya ta tsira. Shi ma ya je ya ba Abbansa haƙuri kan rashin tambaya, don ladabi ne, amma ki bambance masa sarai cewa rashin tambayar ne laifin, ba fankar ba.

In kina son gane ɓarna ta gaske ki kalli yanayinsa, ba tarkacen ba. Mai bincike shiru za ki ji ya yi, ya zauna ya karkata kai harshe a waje, yana jera abin da ya ciro, in ya gama ya rugo ya nuna miki. Mai ɓarna jifa yake yi da takawa, yawanci in ransa ya ɓaci, kuma yakan zaɓi abin da zai ƙona wa wani rai. Duk abin da kika faɗa min na farkon ne.

Ki samo kwando ko tsohon bokiti ki ce masa wannan shagonsa ne. Ki zuba masa mataccen rimot, tsohuwar rediyo mai batir, tocilar da ta daina aiki, agogon bango, kwado da mukullinsa, kwalaye, murafun robar lemo, tsohon silifas, zare, salatif, almakashi marar tsini da ƙaramin sukundireba nasa na kansa. In kika yi wa maƙota da 'yan uwa magana cikin sati ɗaya sai kin rasa wajen zubawa, kowane gida akwai irin kayan nan ana jiran 'yan jari-bola. Ki ba shi murfin kwano ya riƙa tara notina a ciki, ki ɗauki hoton abu da wayarki kafin ya kwance, sharaɗin shi ne wanda ya kwance sai ya gwada mayarwa, a mayarwar ne haƙuri da natsuwa suke shiga. In akwai mai gyaran rediyo ko fanka a unguwarku wanda Abbansa ya yarda da shi, ya riƙa tafiya da shi in zai kai gyara ya tsaya ya kalla.

Sai maganar da ba na so ki karanta da gudu, don ita ce haɗarin gaske a gidan da ake kwance kayan wuta ga kuma 'yar shekara 3 tana yawo. Ƙananan batiran nan masu faɗi kamar maɓalli ko kwabo, na agogon hannu da wasu rimot da kayan wasa masu kiɗa, in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wajen cikin awa 2 kacal. Ki bi duk abin da za ki sa a kwandon ki cire su da hannunki ki kawar, in kuma kika yi zargin an haɗiye kar ki sa ta amai kar ki jira gobe, asibiti kai tsaye ko da tana wasanta lafiya lau. Ƙananan mayen ƙarfe ma haka, in aka haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Batirin waya da duk wani mai caji ba a huda shi ba a lanƙwasa shi, yana kamawa da wuta, fitila mai caji ma a cire mata batir kafin ta shiga kwandon. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga soket, kar ma ta shigo lissafi. Ki nuna masa lambar da ke jikin batirin rimot, volt 1.5 wato ƙarfin wutarsa, kice wutar bango volt 230 ce kuma tana kashe babba ma, yaro irin wannan in aka yi masa bayani da dalili ya fi riƙewa fiye da tsawa. Kuma aikin kwance-kwancen a gabanki za a riƙa yi, a kan tire, in an gama a tattare notina kafin auta ta iso.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita, kice kin ji kin gode za ki sa ido, gaskiya ne ai za ki sa. Watarana in rediyonta ko tocilarta ta ƙi kamawa ki tura mata jikan ya duba mata batir, kakanni da jikoki sun fi mu sanin yadda suke shiryawa.

Nasan za a samu masu ce miki ai injiniya kika haifa, su kawo miki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci da babura a 2007 har ya ɗan ɗaga daga ƙasa, ko William Kamkwamba na Malawi da ya haɗa injin iska da tarkacen keke yana shekara 14 ya kunna wa gidansu fitila. Labaran gaskiya ne kuma suna da daɗi, amma dan Allah kar ki ɗora wa ɗan shekara 6 wannan kayan, kar a koma duk baƙon da ya zo a ce zo ka nuna masa. Wataƙila baɗi ƙwallo ce za ta ɗauke masa hankali, ba komai, hakan bai rage komai daga abin da yake yi yau ba.

Tunda kin tambayi lafiya, abin da zai sa in ce ki ga likitan yara shi ne in yaro ba ya wasan kwaikwayo sam, ba ya juyowa in an kira sunansa, ba ya kawo abu ya nuna miki, sai dai ya yi ta juya taya ɗaya ko jera kaya shi kaɗai yana ta maimaitawa kuma magana ta yi masa jinkiri, ko kuma in fashe-fashen na fushi ne kullum har da cutar da dabbobi ko ƙanne. Naki ɗaya ya yi miki fanka ɗaya tana sayar miki da miya, ba su cikin wannan.

Motar ma ina kyautata zaton ba ta mutu ba fa. In bai fasa ɗan faifan nan mai kore na ciki ba, rotar ce kawai za a mayar mazauninta a haɗa wayoyi biyu, ko mai gyaran waya na bakin titi zai liƙe su da dalma a kuɗi kaɗan. Ki tattara gangar jikin da tayoyin da notinan a leda ɗaya tun kafin shara ta tafi da su, in kun gama maganar nan da Abbansu ki miƙa masa ledar, ranar da yake gida bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma ya kira yaron yace zo ka nuna min yadda ka kwance ta mu mayar. Ki bar su su biyu ki shiga kicin. Ita kuma fankar a nemo mata wata rotar daga tsohuwar rediyo mai kaset, ki ajiye ta kusa da murhu inda zai riƙa ganin ta in ya leƙo. Ki rubuto min in ji yadda kuka yi, Allah ya raya mana su ya shirya.